Ku Ci Ganye, Amma Kada Ku Kashe Murhu

Assalamu alaikum. Da ku nake, sa'o'ina da muka haura arba'in, mu da tumbi ya fara riga mu shiga ɗaki, gwiwa kuma take ƙara idan za a ɗago daga sujada. Wani yayi ya shigo mana ta waya, har ya fara kama mutanen kirki a nan Zariya, a Samaru da Kongo da cikin birni: a bar duk abin da ya fito daga dabba, ba nama, ba kifi, ba ƙwai, ba nono, sannan a bar duk abin da wuta ta taɓa. Masu wannan tsari a Turai da Amurka ba sa bari zafin abincinsu ya wuce wajen digiri 48. Sai ɗanyen ganye da 'ya'yan itace da tsaba, safe da rana da dare.

Ba zan ce ba su da gaskiya ko kaɗan ba. Dubi cimarmu. Shayi mai sukari cokali huɗu da burodi da safe, shinkafa tana iyo cikin mai da rana, da dare a zauna a majalisa a kan balangu da lemon kwalba, miya kuwa dunƙule biyar bai ishe ta ba. Daga mota sai kujerar ofis, daga kujera sai tabarma. Duk wanda ya ajiye wannan ya kama kabeji da karas da gwanda, dole nauyinsa ya ragu, sau da yawa hawan jini ma ya sassauta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace kullum, gishiri kuma kada ya kai giram 5. Yawancinmu mun juya lissafin. Amma Malam, sauƙin da ka ji daga sukari da mai da gishirin da ka bari ya zo. Murhu bai yi maka laifin komai ba.

Abin da ya kamata ya dame mu a wannan shekaru shi ne tsoka. Tun daga wajen shekara talatin jiki yake zubar da kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari na tsokarsa a kowace shekara goma, bayan sittin kuma abin ya ƙara gudu. Mutum mai kilo 70 yana bukatar aƙalla giram 56 na furotin, sinadarin da ke gina tsoka, a yini. Kokwamba kilo guda cur ba ta ba ka giram 10 ba. Kofi ɗaya na dafaffen wake ya ba ka wajen 13. To wake kuma ba ya ciwuwa ɗanye, haka waken suya, domin akwai sinadaran da ke hana hanji narkar da furotin, wuta ce ke karya su. Rogo mai ɗaci kuwa guba ce a cikinsa sai an jiƙa an sarrafa. Muna zaune a garin da cibiyar binciken noma ta IAR ta fitar da irin waken SAMPEA da manoman Arewa ke shukawa, sai kuma mu ɗauki tsarin da zai haramta mana wake? Shi ya sa za ka ga mai wannan tsari ya rame, ana ta yi masa barka, alhali damtse ne da cinya suka tafi tare da kitsen. Ɗora masa buhun masara rabi ka ga yadda zai yi.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne bitamin B12, saboda ba ya sallama kafin ya yi ɓarna. Babu shi a ganye ko 'ya'yan itace yadda za a dogara da shi, daga nama da kifi da ƙwai da nono ake samunsa. Abin da jiki ke so kaɗan ne ƙwarai, maikirogiram 2.4 a yini, hanta kuma tana ajiye na shekaru. Don haka shekarar farko mutum garau yake, yana ta yi wa abokai wa'azi. Sai ajiyar ta ƙare. Tafin ƙafa ya fara dindiris kamar ana tsira allura, takalmi ya zame bai ji ba, gajiya, mantuwa, jini ya yi ƙasa. A nan sai a ce sanyi ne, ko a ce sammu, a bazama neman magani inda ba ya nan. Idan aka daɗe ba a gano ba, jijiyar da ta lalace ba lallai ta dawo ba. Masu shan metformin don ciwon suga su ƙara kula, shi kansa maganin yana rage shigar B12 cikin jiki, ƙarfin ciki na tsotsarsa ma raguwa yake da shekaru. Wanda ya ce shi dai ya bar kayan dabba, to ƙwayar B12 ta zama masa dole, kuma ya riƙa zuwa gwajin jini, ko a asibitin koyarwa na Shika ko a duk asibitin da ke yi.

Hajiya, ke ma da ke nake. A wani bincike da aka yi a Giessen ta ƙasar Jamus, aka wallafa a 1999, kusan kashi 30 cikin ɗari na matan da ba su kai 45 ba masu cimar ɗanyen abinci al'adarsu ta rikice ko ta ɗauke. Wani kuma a Amurka a 2005 ya samu ƙashin masu ita bai kai na sauran mutane ƙwari ba. Macen da ke dab da daina al'ada dama ƙashinta zai fara laushi. Kada garin neman gira a rasa ido. Mai ciki da mai shayarwa da yara kuwa, don Allah maigida kada ka ɗora musu gwajinka.

Sai tsabta. Latas da kabejin da muke saye a kasuwar Sabon Gari, da yawa daga fadamun Galma da bakin Kubanni suke, Kubanni kuwa ta ratsa gari ta kwashi ruwan kwatoci kafin ta isa lambu. Tafasa tana kashe taifot da kwalara da ƙwan tsutsar ciki. Ɗan gishirin da ake barbaɗawa a ruwan wanki ba ya kashe ƙwan tsutsa. Wanda zai ci ɗanye sau uku a yini, sai ya wanke ganye ɗaya bayan ɗaya da ruwa mai kyau, ya fere abin ferewa. Tumatir da karas ma, wasu sinadaransu sun fi shiga jiki idan an dafa da ɗan mai.

Kanawa suna tsokanarmu da fate, su yi ta yi. Leƙa tukunyar: tsakin masara, rama ko yakuwa, alayyahu, wake, gyaɗa, gauta, albasa, daddawa. Ko ƙwayar nama babu, ga ganye ga hatsi ga furotin, kuma an dafa. Ka haɗa da dambun zogale, ɗanwake, alala, awara, kwaɗon rama da ƙuli-ƙuli. Ɗanye kuma ga lansir, ga yalo da gurji, ga aya da gwaiba da mangwaro a lokacinsa. Rabin kwano ganye, a rage tuwo, a rage mai da dunƙule, kifi ko ƙwai ko kindirmo su riƙa leƙowa. Hadisin kasa ciki uku, abinci da ruwa da numfashi, tun muna makarantar allo muke jinsa, aiki da shi ne ya gagare mu.

Cima kaɗai ba ta riƙe tsoka, sai an sa ta aiki. Minti 150 a mako na tafiya mai sa haki, wato rabin awa sau biyar, da kwana biyu na ɗaga abu mai nauyi, ko jarkar ruwa ce ko fartanya. Mai hali ya hau dutsen Kufena ranar Asabar. Mai shan maganin suga ko na hawan jini kada ya rage abinci farat ɗaya ko ya ajiye magani bai gaya wa likitansa ba, suga na iya faɗuwa mutum ya sume. Markaɗa dabino da kankana da ayaba a cika jug a shanye shi ma suga ne.

In kana son sanin inda kake, ajiye sikeli gefe. Samo igiya ka auna tsayinka, ka naɗe ta gida biyu ta koma rabin tsayinka, ka zagaya da ita daidai cibiya. Idan bakunan ba su haɗu ba, akwai sauran aiki. Sannan ka zauna a tabarma ka gwada miƙewa ba tare da ka dafa ƙasa ko bango ba.