Yadi Biyar, Matakala Sha Huɗu

Tun da na ɗora ɗaki ɗaya a saman shagona, mutanen ƙauyenmu suka raɗa mini Alhaji Mai Bene, alhali ko filin jirgin Malam Aminu Kano ban taɓa leƙawa ba. Sunan kuwa ya hau mini kai. Ranar da na ga jan kafet ya gangaro a matakalar gidan wani ɗan kasuwa a Ringim, an danne shi da sandunan ƙarfe masu ruwan zinare, na ce wallahi ni ma sai na yi.

Na ɗauko igiyar guga, na ɗaure a sama, na ja ta a miƙe har ƙasa. Yadi 5 cif. Washegari na bi motar Gezawa, na sauka 'Yankaba, na wuce kasuwar Sabon Gari.

"Alhaji, matakalar taka hawa nawa ce?" in ji mai shago.

Na ce 14.

"To yadi 7 za ka saya. Muna da yaron da zai bi ka ya kafa maka."

Na yi murmushin wanda ya san halin 'yan birni. Na ce a yanka mini 5, da hannuna na auna. Yaro kuma ya sha zamansa, ina da guduma a gida.

Ashe kafet ba ya bin iska kamar igiya. Sai ya kwanta a inda ƙafa ke taka, wajen inci 11, sannan ya sauka a goshin matakalar, inci 7. Rabin yadi ke nan kowane hawa. Na faro daga sama ina shimfiɗawa ina waƙa, a hawa na 10 kafet ya ce ga garinku nan. Uwargida ta tsaya riƙe da muciya, ta dubi huɗun da suka rage tsirara, ta ce, "Malam, waɗannan na talakawa ne?"

Ban tanka ba. Na kama buga ƙusa. Ƙusar katako ce, matakala kuwa kankare: guda 12 suka lanƙwashe, ta 13 ta kauce, guduma ta sami babban yatsana. Sai na aiki yaro ya sayo gam irin na masu gyaran takalmi, na malala shi a kan siminti ba tare da na share ƙurar hunturu ba. Gam ya kama ƙura da kyau. Kafet dai ko oho.

Ranar Juma'a bayan sallah surukina ya zo ganin bene. Ina jin sallamarsa na gyara babbar riga, na taho daga sama da takun ƙasaita. Hawa na uku, kafet ya zame, ya tattaro ni kamar buhun gero. Ni da shi da hula muka gangaro, huɗun nan na talakawa kuwa kowace sai da ta gaisa da ƙuguna. Na tsinci kaina rub da ciki a gaban takalmansa.

Tsohon ya gyara sandarsa, ya ce, "Sannu ɗana. Ai durƙuson ma ya wadatar."

Kwana uku ana gasa mini baya da ruwan zafi kafin na kira mai shago. Yaron ya zo da tef ɗin awo, da soson da ake sa wa a ƙasa, da sanduna, da injin huda kankare. Ba wuta, sai da na yi hayar janareton mai cajin waya. Na biya kuɗin mota, kuɗin aiki, da ƙarin kuɗin ɓamɓare busasshen gam. Jan kafet ɗin kuma ya ƙare a shago, kore ya kawo yadi 2.

Yanzu in baƙo ya tambayi dalilin launi biyu, cewa nake haka ake yayi a Dubai. Uwargida sai ta yi tari daga madafa.