Wai gwamnati ta cire hannu a kasuwa: wane hannun?

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare, muhawarar tattalin arziki a gida ta rabu gida biyu. Masana na cewa a bar kasuwa ta yi halinta, gwamnati ba ta da hurumi a saye da sayarwa, wai haka Turawa suka yi har suka ci gaba. Wasu kuma na cewa jari-hujja zalunci ne tsagwaronsa, a dawo da tallafi, a ƙayyade kuɗin shinkafa da siminti. Ni da nake neman abincina a Hamburg, cikin ƙasar da ta fi kowace ƙarfin arziki a Turai, maganar farko ce ke ɗaure mini kai, domin Turawan da ake kafa hujja da su ba haka suke yi ba.

A Jamus gwamnati tana cikin kasuwa tsundum. Wanda ke son soya ƙosai ya sayar a bakin titi sai ya yi rajistar sana'a, ya je hukumar lafiya a karantar da shi dokokin tsabtar abinci, ya karɓi lambar haraji, sannan ya nemi izinin wurin da zai kafa kaskonsa. Mai gasa burodi, da mahauci, da mai aski, da mai haɗa wayar wuta, a ƙa'ida babu wanda zai buɗe shagon kansa sai da shaidar ƙwarewa da aka yi wa jarrabawa, ko ya ɗauki mai ita aiki. Ranar Lahadi kantuna a kulle suke, ko kana so ko ba ka so. Tun 2015 doka ta hana biyan ma'aikaci ƙasa da yuro 8.50 a awa, kuma a Oktoban 2022 aka kai shi 12. Harajin saye kashi 19 ne cikin ɗari, na yawancin kayan abinci kashi 7. Albashina kuwa, kafin ya iso hannuna an zaftare kusan kashi ɗaya cikin uku, na haraji da inshorar lafiya da fansho.

Ba duka nake yabawa ba. Takardun ƙasar nan suna iya tsufar da mutum, su kansu Jamusawa kullum cikin ƙorafi suke. Matar da ke Kurna ko Fagge, idan ta samu ɗan jari yau, gobe da asuba ta fara sayar da awara, babu wanda za ta roƙa izini. Wannan 'yanci ne na gaske, kuma Bajamushe ba shi da shi. Matsalar ita ce 'yancin nata gajere ne. Ranar da ta so ta girma, ta sayi firiza ta ɗauki yara biyu aiki, a nan za ta tarar babu wuta. Idan ta nemi bashi, banki zai nemi takardar mallakar gida, alhali gidan gado ne ba shi da takarda, samun takardar kuwa, a ƙarƙashin dokar filaye ta 1978, sai da sa hannun gwamna. Idan wani ya cinye mata kuɗi, ta fi son ta bar shi da Allah da ta shiga kotu.

Duk abubuwan nan da suka tsayar da ita, aikin hukuma ne, kuma su ne Jamus ta riƙe da muhimmanci. Sikelin mai sayar da nama da famfon gidan mai, kowanne da tambarin hukumar awo a jikinsa. Gwamnati ba ta yanke kuɗin fetur, amma tun 2013 dole gidajen mai su sanar da hukuma duk lokacin da suka sauya farashi, kai kuma ka duba a wayarka ka tafi inda ya fi araha. Kowane fili yana cikin kundin da kotu ke ajiyewa, don haka zancen an sayar wa mutum uku fili ɗaya bai taso ba. Sai kuma hukumar da ta fi burge ni, wadda aka kafa a 1958 don hana manyan kamfanoni haɗa baki. A 2003 ta ci kamfanonin siminti tarar kusan yuro miliyan 660 saboda sun raba kasuwa a tsakaninsu, ko da yake kotu ta rage kuɗin daga baya. A 2014 ta ci manyan kamfanonin sukari uku yuro miliyan 280. Siminti da sukari fa! Duk ɗan Najeriyar da ya ji wannan ya san abin da ya faɗo masa a rai.

Masu cewa a sakar wa kasuwa mara suna son labarin Ludwig Erhard, jami'in da ke riƙe da harkar tattalin arzikin yammacin Jamus bayan yaƙin duniya na biyu, wanda a Yunin 1948, lokacin da aka fito da sabon kuɗin Jamus ta Yamma, ya soke ƙayyade farashin kayayyaki da yawa, kantunan da suka bushe suka cika da kaya cikin kwanaki. Gaskiya ne. Sai dai rabin labarin ke nan. Bai saki farashin muhimman kayan abinci da kuɗin haya a lokacin ba, kuma katin rabon abinci bai ɓace ba sai 1950. Duk da haka tsada ta sa ma'aikata miliyoyi suka yi yajin aiki a Nuwamban shekarar. Jikokinsa ma ba su sauya hali ba. A 2022, da yaƙin Yukren ya tayar da farashin makamashi, gwamnati ta rage harajin fetur na wata uku, ta fito da tikitin yuro 9 wanda mutum zai hau bas da ƙananan jiragen ƙasa a ko'ina cikin ƙasar wata guda cur, ta kuma sayi kamfanin iskar gas na Uniper don kada ya durƙushe. Ban ji wanda ya ce Jamus ta koma gurguzu ba.

Mu ma a gida muna da darasi, ba sai mun leƙa Turai ba. Kafin 2001, layukan tarho na NITEL ba su kai rabin miliyan ba a ƙasa baki ɗaya. Da aka yi gwanjon lasisin wayar salula a bainar jama'a, hukumar sadarwa ta NCC ta tsaya a kan ƙafarta, aka samu kamfanoni suna gasa. Layin da aka fara sayarwa dubbai ya zama kusan kyauta, kuma shigowar Glo a 2003 ta tilasta wa sauran su koma cajin kira da daƙiƙa. A 2013 kuma aka fara miƙa wa 'yan kasuwa kamfanonin rarraba wutar lantarki goma sha ɗaya, kowanne aka ba shi yankinsa shi kaɗai. Mutumin Kano ba shi da zaɓi, na Kaduna ma haka. A nan Hamburg idan kamfanin wuta ya ɓata mini rai, sai in cike takarda a intanet in koma wani. An ce duka biyun sayar wa 'yan kasuwa aka yi, amma ɗaya an buɗe gasa, ɗaya kuma mai karɓar kuɗin kawai aka sauya.

Ban ce tallafin mai abin kirki ba ne. Kowa ya san yadda man ke bin dare yana tsallakawa Maraɗi da Kwatano, da yadda binciken majalisa a 2012 ya bankaɗo waɗanda aka biya kuɗin man da ba su shigo da shi ba. Cire shi ya zama dole ko ba jima ko ba daɗe. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a cire shi a wata guda da sakin naira, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, ta wuce 1,000 a 2024, dala ta tashi daga wajen 460 ta zarce 1,500, alhali babu wadatattun motocin haya na gwamnati, babu jirgin ƙasa na talaka, mafi ƙarancin albashi kuma bai koma 70,000 ba sai bayan fiye da shekara.

Abin ban haushi, addininmu da al'adarmu sun riga Erhard fahimtar wannan. Da sahabbai suka roƙi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanke farashi saboda tsada a Madina, bai yanke ba, ya ce Allah ne mai sanya farashi. Amma shi ne kuma ya hana ɓoye kaya, ya hana tare fatake a hanya kafin su san farashin gari, ya cusa hannunsa cikin tarin hatsi ya tarar da jiƙaƙƙe a ƙasa ya tsawatar. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci, kuma kasuwanninmu ba su taɓa zama babu Sarkin Kasuwa mai sa ido a kan mudu da raba gardama ba.

Hannun da ya kamata a cire kuwa yana nan daram. Ƙanin mahaifina safarar shanu yake yi daga Maigatari zuwa Legas. Idan muka yi waya na ce, "Baffa, ya hanya?" ba ya fara kukan kuɗin gas, sai ya fara da shingaye. Masu kaki, masu rasit na jiha, masu rasit na ƙaramar hukuma, 'yan ƙungiya, da waɗanda sanda mai ƙusa ce kawai takardar shaidarsu. Kowanne sai an sallame shi, shanu na tsaye cikin rana suna ramewa. Babbar motar da ta ɗauki kaya daga tashar jiragen ruwan Hamburg zuwa Munik, tafiyar kusan kilomita 800, ita ma tana biyan kuɗin hanya, kuma ba kaɗan ba, amma na'ura ce ke lissafawa, direba ya san adadin tun kafin ya tayar da mota, kuɗin kuma asusun gwamnati yake shiga. Baffa sai ya sauke shanu a Legas yake sanin nawa hanya ta ci, sannan ya ɗora a kan kuɗin kowane sa.