Wa ya naɗa alƙalan Philbrook masu gadin al'adar Dakota?

A 1958 gidan zane-zane na Philbrook da ke Tulsa a Amurka ya ƙi karɓar zanen da mai zane Oscar Howe ya aika gasar da gidan ke shiryawa shekara-shekara don masu zane 'yan asalin ƙasar. Zanen rawar yaƙi da sulhu ne ta ƙabilarsa, Dakota. Hujjar alƙalan ita ce aikin ya yi kyau, amma bai yi kama da na 'yan asalin ƙasar ba. Mutumin da aka haifa a yankin Crow Creek a 1915, ya tashi yana sauraron labaran kakarsa, shi ake koya wa yadda danginsa ke zane!

Har yau mai kallon zane-zanen rawa na Howe, ko kwafinsu da ake bugawa, yakan faɗa ramin da alƙalan suka faɗa. Zai ga layuka sun karkarye, launuka sun tarwatse, ya ce ina mai rawar? Yana nan. Ka nemi ƙafar da ta dira ƙasa, ka bi layin zuwa gwiwa, zuwa kafaɗar da ta karkace, sai ka ga gashin tsuntsun da ke kansa ya fito wuri uku saboda jujjuyawa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin fili ya san ido ba ya kama mai rawa a tsaye cak.

Abin da alƙalan ke so shi ne salon makarantar 'yan asalin ƙasar da ke Santa Fe, wanda malama Dorothy Dunn ta fara koyarwa a 1932: mutane a jere, launi shafe sumul, kowane ado a ƙirge. Howe kansa a can ya yi karatu, ya kuma iya salon. Sai dai salon da bai kai shekara talatin ba, wanda malama Baturiya ta tsara, shi aka mayar ma'aunin gargajiya. Kuma gwamnatin Amurka ce ta haramta irin waɗannan raye-raye a 1883. A hana ka rawa, daga baya a gindaya maka yadda za ka zana ta.

Masu cewa Howe ya kwaikwayi Picasso, shahararren mai zanen nan na Sifaniya, ba su rasa madafa ba; Howe ya yi digiri na biyu a Jami'ar Oklahoma, ya san aikin Turawa sarai. Shi dai ya musanta, ya ce daga aikin duwatsun ado da zanen fatu na Dakota ya samo tsarinsa. Ni na fi karkata ga maganarsa, domin matan Dakota sun daɗe suna saƙa siffofi masu kusurwa kafin a haifi Picasso. Ko da ya ara ma, wa ya taɓa cewa Picasso ya daina zama ɗan Sifaniya don ya leƙa sassaƙen Afirka?

Howe ya rubuta wa Philbrook wasiƙa mai zafi. Shekara na zagayowa suka buɗe sashen zanen zamani a gasar.