Daɓe tsakar gida duka da siminti ba ya kawo daɗin zama

Magidanta da yawa a Birnin Kebbi, idan suka samu halin gyara tsakar gida, sukan shafe ta kaf da siminti, suna ganin hakan ne zai sa wurin ya yi daɗin zama. Tsabta kam ana samu, amma a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, siminti yana shan rana tun hantsi, sannan ya riƙa fitar da zafin har bayan sallar isha'i, daidai lokacin da iyali ke shimfiɗa tabarma don shan iska.

A ganina, da inuwa ya kamata a fara. A dasa darbejiya ta ɓangaren yamma, nesa da katanga saboda saiwa, a bar ƙasa a gindinta domin ruwan damina ya riƙa nutsewa. A taƙaita siminti ga madafa, wurin wanki da ƙofar ɗaki, tare da ɗan gangare zuwa magudana. Rumfar zana kuwa ta fi ta kwano sanyi, musamman idan kwanon ya yi ƙasa.