"Ka kawo mana littafinsa ranar Asabar"

Wata tsohuwa baƙar fata ce ta yi mini tambayar da ta hana ni barci makon jiya. Da cin fuska ta yi niyya da na samu bakin ramawa. To tsakani da Allah ta tambaya, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Ginin da muke haya a unguwar Bronx hawa shida ne. Tun shigowar sanyi tukunyar da ke ɗumama ginin ta lalace, mai gidan kuma ya yi kunnen ƙashi. Hunturun New York ba irin namu ba ne da za ka hura wuta a tsakar gida, ka sha kunun tsamiya, jiki ya saki. A nan yara da rigar sanyi biyu da safa suke kwana, numfashinka ma kana ganinsa a cikin ɗaki kamar hayaƙi. Sai 'yan haya suka kafa ƙungiya, ana haɗuwa duk Asabar a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, gefen injinan wanki. Kujerun ƙarfe masu naɗewa, kofi a kofunan takarda, ga 'yan Gambiya, ga 'yan Ghana, ga masu jin Sifaniyanci, ga baƙaƙen Amurka da aka haifa a layin.

Na je da tunanin takardar ƙara za mu cika mu watse. Sai tsohuwar nan, wadda ta yi ritaya daga koyarwa, ta jawo kwali cike da littafi iri ɗaya, duk sun ji jiki, bangon wasu da salatif aka riƙe shi. Tarihin rayuwar Malcolm X ne, ɗan gwagwarmayar 'yancin baƙaƙen Amurka, wanda ya riƙa faɗa wa Alex Haley yana rubutawa, aka buga a 1965, watanni kaɗan bayan an harbe Malcolm ranar 21 ga Fabrairu a zauren Audubon da ke New York. Ta ce kafin a taɓo maganar tukunya, kowa zai karanta sakin layi ɗaya da ƙarfi. Wurin da muka karanta shi ne zamansa na kurkuku, inda ya shiga a 1946 ko wasiƙar kirki ba ya iya haɗawa, ya ɗauki ƙamus yana kwafewa da hannu shafi bayan shafi, idan an kashe wuta da dare ya zauna a ƙasa yana karatu da ɗan hasken da ke shigowa daga baranda. Wani mai gadi ɗan Gambiya yana karantawa yana sarƙewa, ba wanda ya yi dariya. Da aka gama ta cire tabarau ta ce, wa ya sa hannu a takardar hayarsa ba tare da ya karanta ba? Hannuwa suka tashi, har da nawa. Nan take ta raba mana kwafin takardar, muka bi ta layi-layi har muka iso inda aka ɗora wa mai gida alhakin ɗumi.

Na jinjina mata. Da ta fara da doka, rabinmu gyangyaɗi za mu yi. Sai ta fara da mutumin da ya fi mu lalacewa a farkon rayuwarsa, ɗan caca, ɓarawo, wanda ya faɗi hakan da bakinsa, ta sa kowa ya ji cewa jahilcinsa ba abin ɓoyewa ba ne. Kuma ba ita ta ƙirƙiro dabarar ba. Ƙungiyar baƙaƙen fata ta Black Panther da aka kafa a Oakland a 1966 tana da ajin wayar da kai, littafin nan yana cikin abin da ake sa sabbin shiga su karanta. Kafin su ma, Frederick Douglass ya buga labarin bautarsa tun 1845, masu yaƙi da bauta suka mai da shi makami.

Muna naɗe kujeru ta tare ni. "Ɗana, ku a ƙasarku wane ne kamarsa?" Ban ko yi tunani ba na ce Malam Aminu Kano. Na shiga zuba: jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, talakan da ya fara ɗaga kai ya dubi hakimi, bulala da ɗauri a kotunan En'e, Hajiya Gambo Sawaba da ake ƙirga mata shiga kurkuku sau 16, har zuwa 1979 da gwamnonin jam'iyyarsa ta PRP a Kano da Kaduna suka soke haraji da jangali. Idonta ya cika da murna. Ta ce, "Ka kawo mana littafinsa ranar Asabar, mu karanta."

Na yi shiru. Littafin rayuwar Malam da na sani, wani Ba'amurke ne, Alan Feinstein, ya rubuta a 1973, da Turanci. Sardauna ya bar nasa tun 1962. Wato wanda ke kan mulki ya ba da labarinsa da bakinsa, jagoran talakawa kuwa sai baƙo ya ba da nasa. Tanko Yakasai na NEPU ya rubuta nasa, Allah ya saka masa, amma da Turanci. Djibo Bakary na jam'iyyar Sawaba a Nijar ya rubuta nasa, da Faransanci. Talakan da aka sha dukan dominsa, da wane harshe zai karanta? Mun sa sunan Malam a filin jirgi da asibitin koyarwa, mun sa na Gambo a asibiti a Zariya, mun ɗauka mun biya bashi. Kowane ɗan siyasa yau ɗan Malam ne, da jar hularsa, domin babu wani shafi da za a buɗe a ce masa ga abin da Malam ya faɗa game da irinka.

Na san abin da za ku ce, ni ma shi na yi ta faɗa wa kaina a hanyar hawa bene. Mu ba da littafi muka yi namu ba. Da waƙa muka yi, da lacca a bakin kasuwa, da baitocin Sa'adu Zungur da mutane suka haddace. Waƙa ta shiga ƙauyen da littafi ba zai taɓa shiga ba, kuma ɗan doka ba ya iya ƙwace ta daga aljihu. Littafin nasu ma ba wankakke ba ne: hannun Haley ya yi yawa a ciki, kuma masanin tarihi Manning Marable ya nuna a 2011 cewa Malcolm ya ƙara gishiri a labarin ta'asarsa ta ƙuruciya. A titi na 125 a Harlem kuwa fuskarsa ta zama haja, a jikin riga da hula. Duk na yarda. Amma waƙar jam'iyya ba ta cewa "na yi kuskure." Malcolm ya je Hajji a 1964, ya ci abinci a akushi ɗaya da Musulmi farar fata, ya dawo ya faɗi cewa wasu abubuwan da ya yi shekaru yana wa'azi a kansu ba daidai ba ne. Irin wannan ne ke koya wa matashi tunani. Mu fa, rikicin Santsi da Taɓo a cikin PRP ya raba gidaje, har yau kowa da irin labarin da yake bayarwa.

A daren na kira kawuna ta WhatsApp. Shi ne ya rage a gidanmu cikin waɗanda suka ga zamanin. Yana yaro yake riƙe wa mahaifina taguwa idan za a tafi lacca, kuma shi ya riƙa kai masa tuwo lokacin da aka tsare shi.

"Kawu, Baba wata nawa ya yi a ɗaure?"

"Kai yaro, yanzu ka tuna? Uku ne ko huɗu. Ai gyatumarka ce ta riƙe lissafin."

Gyatuma ta rasu shekara shida ke nan, ina nan ina jan tasi, ban samu jana'iza ba. Baba kuwa na zauna da shi shekara ashirin da biyar, na sha ganin tabon bulala a bayansa idan yana wanka a bakin rijiya, ban taɓa cewa ya ba ni labari ba. Ina ganin kunya ce ta ɗa da uba. Ga ɗana nan, shekararsa 14, ya san Omaha inda aka haifi Malcolm, ya san sunan da ɗalibai suka raɗa masa a Ibadan, amma Hausa sai "ina kwana" da "na ƙoshi."

Na roƙi Kawu ya riƙa yi mini saƙon murya, duk abin da ya tuna, ko minti biyar-biyar. Ya ce sai an kawo wuta ya yi caji. Jiya na farko ya shigo, minti biyu da ɗoriya, rabinsa gaisuwa ce da tambayar yaushe zan zo gida. Asabar jibi ce, tukunyar kuma har yanzu ba a gyara ba.