Awon ciki bai cika ba sai da gwajin ciwon hanta nau'in C

Idan aka kawo batun yi wa masu juna biyu gwajin ciwon hanta nau'in C, wasu kan tambaya: mene ne amfanin gano cutar, alhali ba a ba mai ciki maganinta? Tambayar tana da tushe, domin har yanzu ba a kammala tabbatar da ingancin sababbin magungunan a lokacin goyon ciki ba, shi kuwa tsohon maganin ribavirin an san yana nakasa ɗan tayi. Duk da haka, a ganina ya wajaba a gwada kowace mai ciki.

Cutar tana iya shafe shekaru tana cin hanta ba tare da wata alama ba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 50 ne ke ɗauke da ita. Mata da yawa ba sa ganin ma'aikacin lafiya sai ranar awo, don haka idan aka taƙaita gwajin ga waɗanda aka taɓa yi wa ƙarin jini ko masu allurar ƙwaya, za a tsallake waɗanda ba su ma san yadda suka kamu ba. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta watsar da wannan tsari a 2020, ta ce a yi gwajin a kowane ciki.

Sakamakon kuma yana da amfani tun kafin haihuwa. Kimanin jarirai 6 cikin 100 ne ke ɗaukar cutar daga uwa, adadin yana kusan ninkawa idan uwar tana da cutar ƙanjamau, saboda haka ungozoma za ta kula kada naƙuda ta yi tsawo bayan fashewar faya. Tiyata ba ta rage haɗarin, shayarwa kuma ba ta da illa sai dai idan kan nono ya tsage yana jini.

Inda aka fi yin sakaci shi ne bayan haihuwa. Maganin da ake sha na mako 8 zuwa 12 yana warkar da fiye da kashi 95 cikin 100, wanda ke nufin uwar da aka yi wa magani ba za ta shafa wa ɗan da za ta haifa nan gaba ba, shi ma jaririn ana iya gwada jininsa tun yana wata 2 zuwa 6, a yi masa magani daga shekara 3. Asibitin da ya gano cutar ya kamata ya sa wa uwa da ɗa ranar dawowa kafin ya sallame su.