Ɗan mai kuɗi na zaune, ɗan talaka na ɗaukar jarka

Ƙarfe bakwai na safe, motoci sun yi layi a ƙofar wata makarantar kuɗi da ke unguwarmu a Kano. Yaro ya sauko da jakarsa da kular abinci, taku goma ya shige aji. Makarantar gidan haya ce aka mayar da ɗakunan kwana azuzuwa, tsakar gidan kuwa siminti ne da bai fi shimfiɗar tabarma shida ba. Ƙarfe biyu a zo a ɗauke shi, sai lesin, sai Islamiyya, sai waya har barci. Iyayensa na zuba kuɗi duk zangon karatu, amma ba su taɓa tambayar inda yaron zai yi gudu ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 kullum yana motsa jiki sosai. A 2019 ta fitar da rahoton cewa kashi 81 cikin ɗari na 'yan shekara 11 zuwa 17 a duniya ba sa cika wannan awo.

Za ka ji ana cewa ai ɗan talaka ya huta da wannan matsala, tunda a ƙasa yake zuwa makaranta, ga talla, ga ɗebo ruwa. Ban yarda ba. Wahala daban, motsa jiki daban. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 57 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara 5 a Arewa maso Yamma sun tsumbure saboda ƙarancin abinci. Waɗannan yaran ne suka cika azuzuwanmu yau. Wanda ya fito ba ko koko a cikinsa, da yamma kuma ya sunkuci jarka mai lita 25, ƙarfinsa ake ci, ba gina shi ake yi ba. 'Ya mace kuwa, a gidan mai shi da gidan marar shi, da ta fara tasawa sai a ce ta daina tsalle-tsalle, shi ke nan.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne fili. Firamaren gwamnati da muka yi ba ta da benci isasshe, amma tana da fili, kuma a nan ɗan alhaji da ɗan mai gadi suke buga langa da ƙwallon tsumma har a kaɗa ƙararrawa. Yanzu irin waɗannan filaye ne ake yankawa ana jera shaguna.

Ma'aikatun ilimi na jihohi su daina ba da lasisi ga makarantar da ba ta da fili, ko takardar yarjejeniya da wani fili na kusa. A hana taɓa filayen da suka rage. Uban da ya je biyan kuɗin zango kuma, kafin ya tambayi ɗakin kwamfuta, ya ce a nuna masa inda ɗansa zai yi wasa lokacin tara.